Akuyar da Ba Ta Dahu Ba

Karatuna na lakkwal, makarantar boko, ya tsaya a aji huɗu, ranar da mahaifina ya duba ya ga gero ya fi mushe, malamin ajinmu, buƙatata. Amma na fito da abin da na fito da shi. Ina karanta suna, ina karanta lamba, in an yi faransanci sannu sannu ina kama rabi in ƙirƙiro rabi. Wannan ɗan guntun ilimi shi ya jawo mini baƙin cikin da zan faɗa, don da ban iya karatu ba, da na zauna bisa bancin nan na sha shayina lafiya lau, ban san ana cutata ba.

Ɗiyata ta fari, wadda ba ni faɗin sunanta, kuma ba zan fara yau ba don takarda, ta yi karatun zane a Yamai. Zanen da ke motsi, irin wanda za ka ga akuyar da babu ita a duniya tana tafiya tana kaɗa kunne. Da mijinta ya tafi bida, neman kuɗi, a Abijan sai ta dawo Madawa, ta zauna gidana da ɗanta, wani ƙaramin azzalumi da ke ce mini tsohon banza yana sace mini goro. Ban taɓa gaya ma kowa na ji daɗin dawowarta ba. Ba a faɗin irin wannan. Na dai gyara ɗakin da ke gabas, na sa aka yi mishi sabon daɓe, na ce don damina na yi.

A garin akwai samari huɗu masu aikin bidiyo. Biyu suna haɗa fim ɗin biki, biyu suna zana ma 'yan bida hoton gidan da za su gina, da bene da fitilu da mota a ƙofa, tun ba a sayi ko bulo ɗaya ba. Ita ta zama ta biyar. Kowa ya kawo injinsa, ordinatar ke nan, wadda wasu ke ce ma kwamfuta, sunka haɗa su da waya a wani ɗaki bayan kasuwa, sunka ce sunan wurin gona, wai haka Turawa ke ce mishi. Na leƙa ban ga ko ciyawa ba. Abin da na gani ya fi kama da madafa. Yadda ta bayyana ma uwarta, ni kuma ina gefe ina gyaran rediyon da ba abin da ya same shi, shi ne: in ka gama zane, ɗanye ne. Sai injuna sun dafa shi hoto bayan hoto, su sa mishi haske da inuwa da gashi, kuma ƙiftawar ido ɗaya ta akuya tana cin hotuna masu yawa. Inji ɗaya zai yi wata da watanni yana abu guda. In sunka taru sai su raba hotunan tsakaninsu, abin ya yi sauri. Shi ya sa anka haɗa.

To, tukwane biyar, masu dahuwa biyar, kowa da yunwarsa. Sai sunka yi doka. Kowa yana da rabo daidai da na kowa. Ayyuka su bi layi, wanda ya riga shi ke gaba. In aiki na gaggawa ne, irjan inji su, a ɗaga mishi maki ya tsallake. Sunka ba ɗaya daga cikinsu riƙon makin, ɗan maƙwabcina ne, na san shi tun yana yawo ba wando, yanzu ya tara gemu ana ce mishi Shef. Doka mai kyau. Ko gwamnati ba ta fi haka iya rubutu ba. Abu ɗaya sunka manta ba su faɗa ba: mi ne ne irjan.

Fim ɗinta na wata akuya ce da ta ɓata a kwazazzaban Keita tana neman hanyar gida, da Hausa take magana, bakinta ya fi na ƙanwar kakata kaifi. Wasu mutane a Yamai sun ga somin, sunka ce in ta kawo shi cikakke kafin ƙarshen wata, za su ba ta aikin irinsa na shekaru, ta yi shi daga inda take. In bai zo ba, za su ba wani. Ita kuma ta faɗa a tsakar gida, da ƙarfi don in ji, cewa in wannan ya kuɓuce ba ta da abin zama a Madawa, akwai wani buro, ofishin zane, a Yamai da ke nemanta, za ta ɗauki ɗanta ta tafi. Na ci gaba da gyaran rediyo.

Sai abin ya faɗo a bazara, lokacin da aka kwashe albasa. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Manyan motoci sun cika hanya, aljihu ya yi nauyi, kowane gida daga Galma har Buza ana buga ganga. Wanda ya yi biki yana son fim ɗinsa jiya, da furanni suna zubowa daga sama da sunan amarya yana juyawa da ruwan zinariya, kuma wannan ruwan zinariyar ma sai injuna sun dafa shi. 'Yan bida sun zo ganin gida, kowa yana son ya koma da hoton benensa a waya ya nuna ma abokan ɗakinsa. Ga zafi, da rana ta take sai a kashe injuna kar su ƙone. Ga kuran, wutar lantarki, da ke zuwa in ya ga dama.

A ƙofar ɗakin akwai banci. Wannan bancin shi ya zama irjan. Mutum zai zo da babbar riga, ya tuɓe takalmi, ya gaida Shef, ya tambayi lafiyar mahaifinsa da ta mahaifiyarsa da ciwon ƙafar kakarsa, sa'an nan ya zauna. Ba ya cewa komai, zama kawai yake. To wane ɗan halak ne zai bar dattijo zaune bisa katako cikin wannan rana? Sai Shef ya shiga ya ɗaga maki. Aikin mai zama ya hau, na wanda ba ya nan ya sauka. Kuma in anka tsayar da aiki, hoton da ke bisa wuta zubar da shi ake yi, sai an sake shi daga farko. Ita kuwa tana gida tana zane da yaro a gindinta, kuma ko ba yaro, macen aure ba ta zuwa ta tsuguna cikin maza a bakin kasuwa tana jiran a ji tausayinta. Masu jiran fim ɗinta suna Yamai. Ba su da gindin da za su aza bisa bancin Madawa.

Ta je ta yi magana, ba sau ɗaya ba. Kar wani ya ɗauka irin matan nan ce masu kuka a ɗaki, bakin akuyar nan a wurinta ta gado shi. Ta ce musu a ware inji ɗaya a bar ma dogon aiki, kar kowa ya taɓa shi ko sarki ya zo. Ta ce aikin da ya daɗe yana jira makinsa ya riƙa hawa da kansa, yadda ba za a bar shi a baya har abada ba. Sunka ce a kaɗa ƙuri'a. Huɗu da ɗaya. Demokaradiyya ke nan, na gan ta da idona, tana da gemu tana shan shayi.

Da na ga yarinyar ta daina cin tuwo sosai, sai na yi tunani irin na manya. Na ce tunda zama ke ɗaga aiki, ai ni ma Allah ya ba ni abin zama. Na sa rigata ta Juma'a ranar da ba Juma'a ba, na tafi, na tuɓe takalmi, na gaida Shef, na tambayi ƙafar kakarsa, na zauna.

Daga inda nake ina hangen gilashin da layin ke bisa. Na ga sunanta. Yana na uku. Na ce alhamdu lillahi. Kafin a sauke shayin farko wani Alhaji mai motocin albasa ya iso, ya zauna kusa da ni, sunan ya koma na huɗu. Wani ɗan bida mai agogo kamar faranti ya zo, ya koma na biyar. Ina kallo, kamar mai kallon guga na sauka rijiya igiya ta tsinke.

Shef ya fito ya durƙusa gabana, da ladabinsa cikakke.

"Baba, lahiya dai? Akwai aikin da kake jira?"

"Iska na zo sha."

Iskar da ke fitowa daga ɗakin nan za ta gasa masara. Alhajin albasa ya dube ni ya matsa kaɗan.

Nan ne matsalar take, kuma duk wanda aka haifa a Adar ya gane ta ba sai na yi dogon bayani ba. Ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yabonsa, ba a tsaya mishi gaban mutane. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran yayana da suna ba, kai yake ce mishi, in yana nesa ya aiki yaro. Ranar da aka yi ma yayana rashin gaskiya a kan iyakar gona, tsohon yana zaune a wurin ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa, ƙanen tsohon ne ya tashi ya yi faɗan. Haka muka taso, haka nake, kuma ban ga laifin abin ba. A da mutane sun san wanda ya yi shiru saboda kunya ba a cin amanar shirunsa. Ana ganinsa a gane, a yi mishi abin da bakinsa ya kasa roƙo.

Na koma washegari, na koma wanshekaren washegari. Na zama kamar ƙafar bancin. Rannan da na ga sunan ya kusa faɗowa daga gindin gilashi, sai na yi gyaran murya.

"Shef, na ji an ce akwai wata dabba cikin injunan ga."

"Dabba, Baba?"

"Mai ƙaho. An ce ta daɗe bisa wuta."

Ya yi murmushi. Sauran ukun da ke ciki sunka daina taɓa injuna, sunka juyo.

"Ayyuka na da yawa, Baba. Aikin wa kake nuhi? Hwaɗi sunan mai shi, yanzu in ɗaga shi."

Wallahi ya sani. Uwarsa ce ta yi ma tsohuwata, matata ke nan, wankan jego lokacin da aka haifi yarinyar. Ya sani sarai, ya ɗauki kunyata ya yi mini takunkumi da ita, gaban Alhajin albasa, gaban ɗan bida mai faranti, kuma yana durƙushe yana ce mini Baba. Na ji wani a ciki ya tuntsire da dariya ya mai da ita tari. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi, don mari ana ramawa.

Na ce, "Ɗana, gemun ga naka ya yi kyau. Saura hankali ya tsiro."

Na sa takalmina na tafi. A hanya na tuna da kalmomin faransanci guda uku da sunka dace da shi, amma lokaci ya wuce.

Sai na bi hanyar da iyaye sunka bari. Wanda ke tsaya ma ɗiyar fari kawunta ne. Na aika Tamaske aka kira ƙanen matata, abokin wasana, mutumin da tun ranar da na auri yayarsa bai bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Ya iso bisa moto, babur ɗinsa, ya cinye mini rabin kwanon fura kafin ya tambayi abin da ya faru.

"To, tsoho, an ce ka koma gadin banci. Nawa suke biyanka?"

"Kai dai ka ji abin da ni ce maka. Ka tahi ka gaya ma yaran ga su bar aikin ɗiyarka ya wuce."

"Ɗiyata wace? Ina da ɗiya da yawa."

"Ka ci gidanku."

"Gidanmu ka samo mata, mara godiya. Bari in tahi. Yau za su san kawu ya zo."

Ya gyara hula ya fita kamar mai zuwa yaƙi. Na bi shi daga nesa, na tsaya rumfar mai gyaran taya ina kallo. Na ga ya ɗaga hannu yana magana, na ga Shef ya durƙusa. Na ce yawwa. Na ga an kawo shayi. Na ga an shigar da shi ciki. Aka daɗe. Da ya fito fuskarsa na walƙiya kamar an shafa mata man shanu, ya zauna bisa banci ya miƙe ƙafa.

Da la'asar ya dawo gida yana nuna ma yayarsa waya. An nuna mishi benen wani ɗan bida, shi kuma yana da fili a Tamaske da ya shekara goma yana kiwon ƙadangaru, sai ya ce a zana mishi nashi, hawa biyu, da shuɗin ƙyaure. Kuma tunda baƙo ne daga nesa, ga shi zai koma kafin magariba, ga shi zaune bisa banci, ai ka san sauran. Irjan. An sauke akuyar ɗiyar yayarsa an ɗora benensa.

"Amma na yi musu magana," inji shi. "Sun ce gobe in sha Allah."

"Kai da benenka Allah ya sa gara ta cinye shi tun yana cikin waya."

"Hassada ta, tsoho. In an gama ina ba ka ɗakin ƙasa, kusa da awaki."

Tsohuwata ita kunyarta ta ma fi tawa. Ta dai ɗauke kwanon furar daga gabansa tun bai gama ba, abin da ban taɓa ganin ta yi ma ɗan'uwanta ba.

Don kar a ce tsoho ya rubuta son ransa, bari in faɗi abin da Shef ke faɗi, don ya faɗa ma mahaifinsa, mahaifinsa ya faɗa mini a masallaci. Wai biki da bene su ke sayen man gurup, injin ba da wuta, su ke biyan hayar ɗaki, akuya kuwa ko sukarin shayi ba ta kawowa. Wai bazara wata biyu ce, in ba su kama ba shekara ta wuce su. Na ji, kuma ba ƙarya ba ne. To amma da kunka zo haɗa injuna, mi ya hana ku ce mata haka? Ku ce, ke, kawo naki mu dafa ma Alhazai furanni da shi, in damina ta faɗi kowa ya tafi gona sai ki samu. Da ta san inda ta dosa. Sai kunka ce rabo daidai. Injinta yana cikin ɗakin nan dare da rana yana juya sunayen amaren mutane da ruwan zinariya, ita ko kashi ɗaya cikin biyar ɗin da kunka rantse a kai ba ta gani ba. Ba sata kunka yi ba, na yarda, ba wanda ya sa hannu a aljihunta. Kullum dai akwai wanda ya fi ta gaggawa da ɗan kaɗan, kullum gobe, kuma kowane gobe da ladabi ake faɗinsa.

Da wata ya kusa ƙarewa, wata safiya ta goya ɗanta, ta kira mai amalanke, ta tafi bayan kasuwa. Ban bi ta ba, mai gyaran taya ne ya ba ni labari, kuma ya ce bai taɓa jin daɗin safiya irin wannan ba. Ta shiga ta gaida kowa, ta zare wayar injinta ana tsakiyar dafa bikin wata ɗiyar Buza. Shef ya ce, haba, ki bari a gama wanga, mai shi na zaune waje. Ta ce mai shi ya shigo ya hura da baki. Ta naɗe injin da zane, aka aza bisa amalanke, jaki ya ja shi ta tsakiyar kasuwa har ƙofar gidana.

Aka ajiye shi a ɗakin gabas. Inji ɗaya, shi kaɗai, da aikin da ya kamata biyar su yi. Na ba da fankata. In kuran ya ɗauke sai mu zauna mu dubi juna, in ya dawo yaron ya yi ihu ya ruga ya gaya mata. Na hana kowa kunna ko fitila da rana, na ce wutar ta taru wuri ɗaya, ta ce Baba ba haka abin yake ba, na ce a gidana haka yake. Ta rage ma akuyar gashi, ta cire inuwar duwatsu, ta yanke wani wuri da ruwa ke gudu wanda ta ce shi ya fi cin wuta, kuma shi ne wurin da ta fi so. Duk da haka ranar da wata ya ƙare akuyar tana tsakiyar kwazazzabo. Daga nan zuwa gida duk toka-toka ne, dabbar ba ido ba gashi, kamar an gina ta da laka. Ta aika musu haka nan, da bayani. Sunka amsa da kyakkyawan faransanci, ta karanta a tsakar gida. Wannan karon na kama duka, ban ƙirƙiri komai ba: aikin an ba wani.

Ba ta yi kuka ba. Ta wanke kayan yaron ta shanya, ta je ta yi sallama da dangi.

Ranar tafiya na ce ina da sha'ani a tasha, wani zai aiko mini da saƙo daga Tawa. Muka tafi tare, ina gaba suna baya. Kar, babbar motar fasinja, ta zo cike. Karen motar ya ɗauki injin, yana naɗe cikin bargona, zai cusa shi ƙarƙashin buhunan albasa. Ban san lokacin da na riƙe mishi hannu ba.

"Kai! Ka san ko mi ne wanga?"

"Kaya na, Baba. Duk kaya ƙasa suke shiga."

"Albasa ta riga shi zuwa ne?"

"Ta riga shi mana, tun Galma anka ɗoro ta."

"To yau ta jira. Hidda ta."

Na yi ta faɗa, da Hausa da faransancin aji huɗu, har direba ya sauko, har masu tallan ƙwai sunka taru. Yaron bai yi mini komai ba, aikinsa yake yi, amma shi Allah ya kawo. A ƙarshe aka fidda buhu uku, aka sa injin a lungu, aka tokare shi da katifar wani. Ita tana bakin taga tana kallo, ɗanta yana cinyarta yana miƙo mini hannu, goro yake so. Na ba shi wanda ke aljihuna duka.

"Baba, mun tahi," ta ce.

Na ce, "To. A riƙa duba kayan nan in an tsaya, kar albasa ta danne shi."

Kar ɗin ta tashi. Na tsaya har ƙurarta ta kwanta, sa'an nan na tambayi mai sayar da tikiti ko saƙona na Tawa ya iso. Ya duba ya ce babu. Na ce mishi haka mutanen yanzu suke.